Kaina Ya Daina Riƙe Karatu: Sukari Zan Ƙara Ko Tuwo Zan Bari?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 28, 'ya'yana biyu, ƙaramar watanta 14 kuma har yanzu tana shan nono. Da safe ina koyarwa a wata makarantar firamare, ƙarshen mako ina zuwa karatun ƙaro ilimi, jarrabawarmu saura wata biyu. Matsalata ita ce kaina ya daina riƙe abu. Sai in karanta shafi sau uku, ina rufe littafin kamar ban taɓa ganin sa ba. Daga azahar kuwa ba abin da ke idona sai barci. In na hau bene sai na tsaya na yi haki, kwanan nan kuma na tsiri taunar ƙanƙara ko da sanyi ake yi. Al'adata ta dawo, tana kai kwana takwas kuma da yawa take zuwa.

Da safe shayi da burodi nake sha in na sami lokaci, in ban samu ba sai an tashi makaranta in cika faranti da shinkafa ko taliya in kora da lemon kwalba. Wata abokiyar karatuna ta ce ƙwaƙwalwa sukari take ci, shi ne nake kaɗa garin gulukos in sha kafin in buɗe littafi, da dare kuma in sha lemon ƙara kuzari gwangwani ɗaya ko biyu, in yi karatu har ƙarfe ɗaya. Wata ƙawar tawa ta ce sukarin ne ke kashe ni, in bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya. Maigidana ya ce na ɗora wa kaina abin da ya fi ƙarfina, in ajiye karatun. Hajiyarsa ta ce baki ne, ta aiko mini da rubutu da zuma. Na rasa ta wa zan ɗauka, kuma ina tsoron kada a ce ƙwaƙwalwata ce ta fara lalacewa.

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada, Kaduna

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Bari mu fara sauke tsoron nan kafin komai. Macen da ke riƙe da aji, tana shayarwa, tana kula da gida, kuma ta iya zayyana halin da take ciki daki-daki kamar yadda kika yi, ba mai lalatacciyar ƙwaƙwalwa ba ce. Ciwon mantuwa irin na tsufa ba haka yake zuwa ba, kuma da wuya ƙwarai ya kama mai shekarunki. Abin da wasiƙarki ke nunawa shi ne lafiyayyar ƙwaƙwalwa da ake ta sa wa aiki alhali jini, barci da abinci ba su isa gare ta yadda ya kamata. Dukkansu ukun ana gyara su.

Abokiyar karatunki rabin gaskiya ta faɗa miki. Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta kilo 1.3 zuwa 1.4 ne, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa idan mutum yana hutawa. Makamashinta na yau da kullum gulukos ne, wajen giram 120 a rana. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana tura saƙo ne ta hanyar barin sinadarin sodiyam ya kwarara cikinta, na fotasiyam ya fita. Da saƙo ya wuce dole a mayar da kowannensu mazauninsa kafin wani saƙon ya iya tashi, kuma wannan aikin mayarwa shi ke lashe kaso mai tsoka na makamashin. Ba ya tsayawa, kina barci, kina girki ko kina zaune kina kallon bango. A nan ne maganar tata ta karye: idan kika duƙufa kan littafi, abin da ƙwaƙwalwa ke ƙara ci a kan na kullum ɗan kaɗan ne, da ƙyar ya kai kashi 5 cikin 100. Karatun awa uku ba ya buƙatar kofin gulukos.

Sannan ƙwaƙwalwa ba ta da wurin ajiya na kirki. Kamar gidan da ba randa take, daga famfo ake sha kai tsaye, tankin yana can wani wuri. Tankin nan hanta ce. Tana adana wajen giram 100 na sukari a dunƙule, tana sakin sa kaɗan-kaɗan tsakanin cin abinci da cikin dare, in ya yi ƙasa ta haɗa sabo daga furotin da wasu abubuwa. Shi ya sa sukarin jinin lafiyayyen mutum da ya kwana bai ci komai ba yake zama tsakanin 70 da 99 a ma'aunin mg/dL (a ɗaya ma'aunin, mmol/L, 3.9 zuwa 5.5), shi ya sa kuma mai azumi ke iya lissafin ciniki da la'asar. Tuwo, koko, wake, dankali, duk gulukos jiki ke fitarwa daga cikinsu. Bambancin yana ga saurin shigarsu jini. Garin gulukos da lemon kwalba kusan ba su buƙatar narkewa, cikin rabin awa sun cika jini, jiki ya saki insulin da yawa don ya kwashe, bayan awa biyu ko uku sai kasala da yunwa su biyo baya, wasu har da rawar hannu. Robar lemo mai 50cl takan ɗauki sukari har giram 50, ki duba jikin robar ki gani. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha bai kamata ya wuce kimanin giram 50 a yini ba, wato cokalin shayi 12, rabin haka ma ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason ranar, tun ba a lissafa na shayi da gulukos da gwangwanin dare ba.

Garin gulukos yana da ranarsa. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyi, idan sukarinsa ya faɗi ƙasa da 70, gumi ya karyo masa, jiki na rawa, a ba shi giram 15, kimanin babban cokali ɗaya, a jira minti 15 a sake gwadawa. Ke ba ki cikin wannan layin, don haka ki ajiye shi.

Ita ma ɗaya ƙawar ba daga sama ta tsinto maganarta ba. Idan aka hana jiki sitaci na kwanaki, hanta kan narka kitse ta samar da wani makamashi da ake kira kiton, kuma a doguwar yunwa ƙwaƙwalwa kan sami kusan kashi biyu cikin uku na buƙatarta daga gare shi. Tun 1921 likitoci a Amurka suka fara amfani da irin wannan tsarin abinci don rage farfaɗiya, har yau kuma yana aiki ga wasu yara, a ƙarƙashin kulawar asibiti. Amma makon farko da na biyu na barin sitaci ciwon kai ne da kasala da taurin bayan gida. Ga shi kina shayarwa, sukarin da ke cikin nono da gulukos jiki ke haɗa shi. In kuma aka cire tuwo da shinkafa da wake daga tukunyar gida a Kaduna, abin da ya rage nama ne da kifi da ƙwai sau uku a rana, aljihu nawa ne zai ɗauka? Ki rage sukarin ƙari, wannan ta yi daidai. Tuwo kuwa ki bar shi a inda yake.

Inda na fi tsayawa a wasiƙarki ba maganar sukari ba ce. Abubuwa huɗu kika ambata a wuce: haki a kan bene, taunar ƙanƙara, al'ada ta kwana takwas, da haihuwa wata 14 da suka shige. Waɗannan huɗun idan suka haɗu, abin da ma'aikacin lafiya zai fara nema shi ne ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe. Gulukos ba ya zama ƙarfi sai an ƙona shi da iskar oksijin. Ƙwaƙwalwa na karɓar jini wajen mililita 750 a kowane minti, kusan kashi 15 cikin 100 na abin da zuciya ke bugowa, kuma in aka tsayar da shi daƙiƙa goma kacal mutum zai suma. Himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini shi ke dakon iskar, shi kuma da sinadarin ƙarfe ake gina shi. Sinadarin nan yana cikin na'urorin da ke ƙona gulukos a kowace ƙwayar halitta, ana kuma buƙatar sa wajen haɗa wasu sinadaran saƙo irin su dofamin, masu hannu a mayar da hankali. Idan ya yi ƙaranci, ko buhun sukari kika sha kan ba zai washe ba. Son tauna ƙanƙara, ko farar ƙasa, ko ɗanyar shinkafa, sananniyar alama ce ta ƙarancinsa, kuma takan tafi da kanta in jini ya dawo. Ba ke kaɗai ba ce: binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya sami ƙarancin jini a kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49.

Saboda haka matakin farko gwaji ne, a cikin makon nan. Asibitin Yusuf Ɗantsoho yana nan unguwarku, ga kuma Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko duk wani ɗakin gwaji mai rajista. Ki nemi cikakken gwajin jini, ba PCV kaɗai ba, wato awon kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. Ga macen da ba ta da ciki, himogulobin ƙasa da 12, ko PCV ƙasa da 36, ƙarancin jini ne. In da hali a haɗa da feritin, wanda ke nuna sinadarin ƙarfen da ya rage a ma'ajiyar jiki, domin ma'ajiya kan ƙare tun PCV bai faɗi ba, mace tana ta fama da gajiya ana ce mata jininta lafiya lau. Ƙasa da 15 tabbataccen ƙaranci ne, likitoci da dama ma tun daga ƙasa da 30 suke fara magani. Abu ɗaya da ke rikita shi: zazzaɓi ko wani kumburi a jiki yana ɗaga feritin, don haka kada a yi gwajin kina tsakiyar rashin lafiya. Ki tafi da safe ba ki karya ba don a duba sukarin jini a tafiya ɗaya: 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama in an maimaita ya tabbata ciwon sukari ne. Ki roƙi a duba maleriya da tsutsar ciki, su ma jini suke ci.

Maganar al'adar kuma kada kunya ta sa ki haɗiye ta a gaban likita. Jinin da ke wuce kwana bakwai, ko mai gudaji, ko wanda ke sa a canza audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ya wuce ƙa'ida. Kowace mililita ta jini na tafiya da kusan rabin miligiram na sinadarin ƙarfe, don haka in ba a rage zubar ba, abin da aka zuba ta baki zai riƙa fita duk wata. In kina amfani da wata hanyar tazarar haihuwa ki faɗa, robar mahaifa mai jan ƙarfe musamman takan ƙara yawan jini. Akwai magungunan da ke rage shi, likitan mata zai zaɓa miki wanda bai saɓa da shayarwa ba.

Idan gwaji ya nuna ƙaranci, abinci shi kaɗai ba zai cike giɓin kafin jarrabawa ba, sai da ƙwayar ƙarin jini. Wadda aka fi bayarwa mai miligiram 200 ce, tana ɗauke da zallar sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 65. Likita zai faɗi yawan da za ki sha. Abin da ke sa mata da yawa watsar da ita sananne ne: bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne, sai tashin zuciya ko taurin ciki. In ta dame ki, kada ki daina, ki koma a mayar miki da ita sau ɗaya a rana ko kwana ɗaya bayan ɗaya, hakan ma yana aiki kuma ciki ya fi jurewa. Ki sha da ruwa ko ruwan lemon zaƙi, ban da shayi, madara ko maganin gyambon ciki, a bar awa biyu tsakani. Bayan mako huɗu a sake gwaji, ya kamata a ga himogulobin ya hau da 1 zuwa 2. Babban kuskure shi ne dainawa da zarar an ji ƙarfi. Ana ci gaba kimanin wata uku bayan jini ya daidaita don ma'ajiya ta cika. Ki ɓoye ƙwayar nesa da hannun yara, guba ce gare su in suka haɗiyi da yawa. Kuma kada ki saye ta a kemis ki fara sha ba gwaji, domin ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba.

A ɓangaren tukunya, macen da ke al'ada tana buƙatar miligiram 18 a rana, namiji 8 kawai. Wanda ke cikin nama, hanta, ƙoda da kifi ya fi saurin shiga jiki. Hantar saniya giram 100 tana ba da miligiram 5 zuwa 6 tare da bitamin B12 mai yawa, sau ɗaya a mako ya isa, sai dai in ciki ya shiga a dakata da ita saboda yawan bitamin A. Kofin dafaffen wake yana da kimanin miligiram 4. Zogale, alayyafo, ugu, rama, riɗi, gero, daddawa da waken suya duk suna da nasu, amma na tsirrai kaɗan jiki ke tsotsa sai an taimaka masa. Mataimakinsa bitamin C: ki matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, ki yanka ɗanyen tumatir a ɗanwake, ki bi faten wake da gwaiba ko lemon zaƙi. Jiƙa hatsi ya kwana har ya ɗan yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, shi ma yana sakin sinadarin. Abokin gabarsa kuwa shayi ne. Kofi ɗaya tare da abinci yana iya rage abin da hanji zai tsotsa da fiye da rabi. Ban ce ki bar shayi ba, ki jinkirta shi awa ɗaya ko fiye bayan cin abinci.

Karin safe ba dole ne ya zama shagali ba, amma dole a sami furotin ko mai a ciki, su ke rage gudun sukari zuwa jini. Koko da sukari cokali ɗaya da ƙosai biyar ko shida ya fi shayi da burodi nesa ba kusa ba. Haka kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai biyu, ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6, kuma tun dare za ki dafa su ki ajiye. Ɗumamen tuwo da miyar kuka, wanda wasu ke rainawa, yana riƙe ciki har azahar. Ranar da lokaci ya ƙure, ki jefa cikin tafin hannu ɗaya na soyayyar gyaɗa da ayaba a jaka, ko ki sayi awara lokacin tara ta makaranta. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta.

Barcin azahar kashi biyu ne. Akwai na halitta: tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana kuzarin kowa yakan sauka ko bai ci komai ba. Akwai kuma wanda ake jawowa da tulin farar shinkafa da lemo a kan cikin da ya yini wayam. Ki raba shinkafar biyu, ki cike gurbin da wake da ganye, garau-garau mai wake sosai da salak ya wadatar. Tuwon dawa, gero ko acca, da masarar da ba a surfe ta tas ba, sun fi jinkirin narkewa, kuma a dusar da ake zubarwa ne bitamin B1 yake, wanda in babu shi jiki ba ya iya ƙona gulukos. In kin sami hali ki yi ƙailula ta minti 20. In ta wuce rabin awa za ki tashi kai ya fi nauyi.

Gwangwanin dare shi ne na biyu a laifi bayan jini. Ba ƙarfi yake ƙarawa ba. Muddin mutum na farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa yana sanar da ita gajiya, kafeyin da ke cikin gwangwanin kuma toshe wannan sanarwar yake yi, gajiyar tana nan. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yakan ɗauki kafeyin kimanin miligiram 80 da sukari giram 27, manyan robobi sun fi haka. Jiki na ɗaukar wajen awa biyar kafin ya kawar da rabinsa. In kika sha biyu da ƙarfe goma na dare, ƙarfe uku na asuba sauran na gwangwani guda cur yana yawo a jininki. Ki yi lissafi: kwanciya ƙarfe ɗaya, tashi sallar asuba, a tsakani yarinya ta farka neman nono. Awa huɗu ke nan a gutsure, alhali babban mutum bakwai zuwa tara yake buƙata. Kuma a cikin barci mai nauyi ne ƙwaƙwalwa ke kwashe abin da aka karanta da rana ta kai shi ma'ajiya mai ɗorewa. Shafin da kike karantawa sau uku yana shiga, wurin adana shi ne ba a ba shi lokaci ba.

Kada ki yanke kafeyin rana ɗaya, ciwon kai zai sa ki koma. Ki sauko zuwa gwangwani ɗaya na kwana uku, sannan rabi, sannan ki mayar da shi kofin shayi ɗaya da hantsi. Bayan ƙarfe biyu na rana ba shayi mai kauri, ba kofi, ba goro. Mai shayarwa kada ta wuce miligiram 200 zuwa 300 a yini, don kaɗan daga ciki na shiga nono. Ki kwanta ƙarfe goma, ki mayar da karatun gefen asuba da bayan la'asar, minti 30 sau biyu ko uku, kina rufe littafi kina faɗo abin da kika karanta da ka. Wannan ya fi maimaita kallon shafi amfani. Duk wanda ya miƙo miki wata ƙwaya a makaranta wai ta hana barci ko ta buɗe kai, ki ce a kai kasuwa.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Ruwa: rasa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin jiki ta gumi ya isa ya dagula mayar da hankali, a zafin Maris da Afrilu ko bushewar hunturu kuwa hakan ba wuya. Leda biyar zuwa shida a yini, fitsari ya zama fari-fari. Gishiri ki sayi na leda mai aidin, ki rufe shi, mai shayarwa na buƙatar aidin fiye da kowa don ƙwaƙwalwar yarinya ma da shi take girma. Kifi mai maiƙo, Titus, sadin ko shawa, sau biyu a mako, saboda irin kitsensa na cikin abin da aka gina ƙwaƙwalwa da shi. Kwalaben da ake tallatawa da sunan ƙara basira kuwa, kuɗinsu ya fi amfani a kiret ɗin ƙwai.

Maigidanki ya ga gaskiya, kayan sun yi miki yawa, kuma da alama tausayi ne ya sa shi faɗin haka. Inda na saɓa da shi shi ne maganin, domin ajiye karatu ba zai mayar da jinin da ke zuba duk wata ba. Kada ki tare shi da musu. Ki sami lokacin da ya ci abinci ya natsu, ki ce masa kin yarda nauyin ya yi yawa, kina neman ya raka ki gwaji. Gani ya kori ji, takardar sakamako za ta yi miki bayanin da baki ba zai iya ba. Daga nan ki roƙi abubuwa ƙayyadaddu, maza sun fi gane wannan a kan a ce musu a taimaka kawai: kuɗin lemo da gwangwani su koma ƙwai, wake da kifi a cefane, ya riƙe yara awa ɗaya bayan la'asar ko bayan isha'i, ya ɗauke miki kai babban yaron makaranta. Ku yanka wa'adin mako shida. In an yi duk wannan ba ki ji sauƙi ba, akwai hanya tsakanin ci gaba da dainawa, ki nemi makaranta ta ɗage miki zango ɗaya. Amma shawarar a yanke ta tare da ke, ba a kanki ba.

Hajiya kuma ki je har ɗaki ki yi mata godiya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, neman magani ma koyarwar addini ce, kuma ba sai kin yi gardama da ita kan baki ne ko ba baki ba. Zumar ki yi amfani da ita a madadin sukarin koko, kada ta zama ƙari a kansa, babban cokali ɗaya yana da sukari wajen giram 17. In wani jiƙo ya biyo baya wanda ba ki san abin da ke ciki ba, ki nemi uzuri da shayarwa. Tsofaffi suna son a ba su rawar takawa: ki ce mata likita ya ce jini ne ya yi ƙasa, ki roƙe ta busasshen zogale, daddawa da gero, ko ta riƙe miki babban yaron ranar Asabar. Za ki sha mamakin yadda za ta ɗauki abin.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan gefen jiki ya saki, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko farat ɗaya, ko suma, ko jijjiga, ko bugun zuciya da haki kina zaune, asibiti nan take. Yawan ƙishirwa da fitsari tare da rama, a duba sukari ba ɓata lokaci. In kuma gwaje-gwajen nan duk sun fito lafiya, ki nemi a duba halittar maƙogwaro da ake kira tayirod, takan rikice bayan haihuwa ta kawo kasala da mantuwa, a duba B12 kuma. Sannan ki tambayi zuciyarki tsakani da Allah: in kin yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, kuka ba dalili, abin da kike so da ya daina burge ki, wannan ciwon damuwa ne, shi ma yana hana kai riƙe abu, yana kuma da magani. Ki faɗa wa likitan da ya duba ki, ko ki je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Zuwa can ba hauka ba ne.

Wata biyu sun isa a ga canji in aka fara yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran barci da karin safe za ki ji shi cikin mako ɗaya zuwa biyu, na jini kuma daga mako na uku zuwa na huɗu. Daren jarrabawa ki rufe littafi ƙarfe tara. Da safe ki ci abin da cikinki ya riga ya saba da shi, awa ɗaya da rabi kafin a shiga, kada ki gwada sabon abu ranar. Ki riƙe ruwa, in takarda biyu ce a rana ki ci gyaɗa da dabino biyu ko uku a tsakani, babban abincin ya jira sai kin fito daga ta ƙarshe. Allah Ya ba da lafiya, Ya ba da sa'a.